Nazarin Lamari: Fasinjan da Kotu Ta Tabbatar An Tauye Masa Haƙƙi a Jirgin Sama, Amma Ta Kasa Ba Shi Diyya

Mutumin da halin da yake ciki

Mutumin da wannan nazari ya shafa magidanci ne ɗan Birtaniya, wanda jikinsa ya shanye tun daga kafaɗu har ƙasa, don haka a kan keken guragu yake gudanar da rayuwarsa. Ba ya iya riƙe fitsari ko ba-haya, yana amfani da robar fitsari da jakar da ake haɗa ta da ita. Idan ya hau jirgin sama ana sauke shi daga kekensa a ɗora shi kan kujerar fasinja, kuma daga nan ba ya iya tashi ko gyara zama da kansa har jirgi ya sauka. Matarsa ce ke kula da robar, ta sauya jaka idan ta cika, ta ba shi abinci a baki, ta kuma juya shi lokaci-lokaci, domin wanda jikinsa ya shanye idan ya daɗe zaune a gefe ɗaya fatarsa takan yi gyambo. Waɗannan hidimomi ne da kowane mai mutunci zai so a yi masa su a rufe, ba tare da idon jama'a ya kai ba, kuma a cikin jirgi hanya ɗaya ce ta samun haka, wato mai yi masa hidimar ta kasance a kujerar da ke manne da tasa.

Dokar da ke aiki a lokacin, 2006 zuwa 2008

A ranar 5 ga Yuli 2006 Tarayyar Turai ta kafa doka mai lamba 1107/2006 domin kare haƙƙin naƙasassu da masu wahalar tafiya a sufurin jirgin sama. Dokar ta hana kamfanin jirgi ya ƙi sayar wa mutum tikiti ko ya hana shi shiga jirgi saboda naƙasarsa, sai fa idan akwai dalilin tsaro da doka ta tanada ko kuwa ƙofar jirgin da girmansa ba za su ba da dama ba. Ta raba aiki gida biyu. Taimakon da ake bayarwa a filin jirgi, tun daga isowa har zuwa ɗora mutum kan kujerarsa, yana wuyan hukumar da ke tafiyar da filin. Taimakon cikin jirgi kuwa yana wuyan kamfanin, kuma a cikinsa akwai ɗaukar kayan taimakon tafiya har guda biyu kyauta, da wani sharaɗi da ya zama ginshiƙin wannan shari'a: idan naƙasasshe yana tare da mai taimaka masa, wajibi ne kamfanin ya yi duk ƙoƙarin da hankali zai ɗauka domin bai wa mai taimakon kujera kusa da shi. Ana buƙatar fasinja ya sanar da buƙatarsa aƙalla awa 48 kafin tashin jirgi.

Sassan da suka hana ƙin ɗaukar fasinja sun fara aiki a ranar 26 ga Yuli 2007, sauran kuma a ranar 26 ga Yuli 2008. Birtaniya, wadda a lokacin take cikin Tarayyar Turai, ta fitar da nata ƙa'idojin a 2007 domin aiwatar da dokar. Ƙa'idojin sun mayar da saɓa wa dokar laifi mai jawo tara, sannan sun bai wa wanda aka tauye wa haƙƙi damar shigar da ƙara ya nemi diyya, har aka faɗa ƙarara cewa diyyar tana iya haɗawa da ta ɓacin rai da cin mutunci. Ke nan lokacin da wannan mutum ya shirya tafiyarsa, sharaɗin kujerar mai taimako bai cika wata biyu da fara aiki ba, kuma duk wanda ya karanta takardun zai ɗauka kariya ta kankama.

Sayen tikiti, 12 zuwa 22 ga Satumba 2008

A ranar 12 ga Satumba 2008 ya saya wa kansa da matarsa tikitin zuwa hutu ta hannun Thomas Cook, kamfanin shirya tafiye-tafiyen hutu da jigilar fasinjoji a jirgin sama, daga filin jirgin East Midlands a Ingila zuwa tsibirin Zante na ƙasar Girka, tafiya ranar 22 ga wata, dawowa ranar 29. Ta intanet ya saya, kuma jim kaɗan bayan haka ya buga waya ga sashen taimako na kamfanin ya shaida musu cewa ya zaɓi kujeru biyu a jere, ya kuma biya kuɗinsu, zuwa da dawowa. A ranar 19 ga Satumba ya sake kira, aka tabbatar masa cewa za su zauna tare. Tafiyar zuwa ta gudana kusan yadda aka tsara.

Ranar dawowa, 29 ga Satumba 2008

A filin jirgin Zante, tun a teburin tantance fasinjoji aka gaya musu cewa ba za su zauna tare ba. Suka yi ƙorafi, har shugaban ma'aikatan wurin ya ce za a warware matsalar a ƙofar shiga jirgi. Da suka isa ƙofar sai aka ce musu ai sauran fasinjoji sun riga sun shiga, ba za a iya sauya rabon kujeru ba.

An kai shi bakin jirgi da motar nan mai ɗaki a baya wadda ke ɗagawa sama har ta yi daidai da ƙofar jirgi. Yana shiga, kekensa ya kife, ya faɗi a kan daɓen jirgin. Waɗanda ke wurin sun nuna alamar ba su san yadda za su yi da shi ba. Mutumin da ba ya iya motsa komai daga kafaɗu zuwa ƙasa yana kwance a ƙasa a gaban jirgi cike da fasinjoji, matarsa kuwa, wadda ba ta daɗe da tashi daga rashin lafiya mai tsanani ba, tana tsaye cikin tashin hankali. Daga ƙarshe aka ɗaga shi aka zaunar da shi a kujerar bakin hanya a layin farko, aka zaunar da matar a bayansa.

Tafiyar awa 3 da minti 20 ce. A tsawon wannan lokaci, duk sa'ad da ya buƙaci a duba robar fitsari, ko a sauya jaka, ko a ba shi abinci, ko a gyara masa zama, sai matar ta taso ta durƙusa ko ta tsuguna a kan siririyar hanyar da ke tsakanin kujeru, inda ma'aikatan jirgi da fasinjoji ke kai-kawo, ta tare musu hanya ba don tana so ba. Kotu ta gano daga baya cewa ma'aikatan jirgin ba su yi wani yunƙuri na sauƙaƙa musu ba, kuma ba su roƙi ko fasinja ɗaya ya sauya kujera da matar ba.

Kotun farko

Ya shigar da ƙara a kotun yanki da ke Manchester, Hukumar Daidaito da Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Birtaniya kuma ta mara masa baya. Abu biyu ya nema: kotu ta bayyana cewa kamfanin ya saɓa wa doka a kan batun kujera, sannan ta ba shi diyyar ɓacin rai da wulaƙancin da ya sha. Bai yi da'awar cewa ya ji rauni a jikinsa ba.

Alƙali ya gamsu da shaidarsa. Ya yanke cewa kamfanin bai yi ƙoƙarin da doka ta wajabta masa ba wajen zaunar da matar kusa da mijinta, ya kuma ba da wannan bayani a hukumance. Da aka zo kan diyya sai ya ce da yana da iko da fam 2,500 zai ba shi, amma ba shi da wannan iko, saboda wata yarjejeniya ta ƙasa da ƙasa ta ɗaure masa hannu.

Yarjejeniyar ita ce ta Montreal, wadda aka rattaba wa hannu a ranar 28 ga Mayu 1999 domin ta gaji ta Warsaw ta 1929, kuma ita ke tsara alhakin kamfanonin jiragen sama a kan fasinjoji da kayansu a tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa. Sashe na 17 ya ɗora wa kamfani alhaki idan fasinja ya mutu ko ya ji rauni a jiki sakamakon haɗarin da ya auku a cikin jirgi ko yayin hawa ko sauka. Sashe na 29 kuma ya ce duk wata ƙarar neman diyya, ko a kan wane tushe aka gina ta, ba za a kawo ta ba sai bisa sharuɗɗa da iyakokin yarjejeniyar. Ciniki ne aka ƙulla tsakanin ɓangarori biyu. Fasinja ya samu sauƙin karɓar diyyar mutuwa ko rauni ba tare da sai ya tabbatar da sakacin kamfani ba, har zuwa wani adadi da a 2008 ya tsaya a kan 100,000 na ma'aunin kuɗin Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Kamfanoni kuma suka samu tabbacin cewa ba za a riƙa jan su kotu a kowace ƙasa da dokarta daban ba. Matsalar ita ce kotuna sun daɗe da fassara "rauni a jiki" da cewa bai haɗa da ɓacin rai ko muzantawa zalla ba. Don haka abin da ya samu wannan mutum ya faɗa cikin lokacin da yarjejeniyar ta mamaye, amma bai faɗa cikin abin da take biyan diyya a kai ba.

Kotun Ɗaukaka Ƙara, Fabrairu 2012

Ya ɗaukaka ƙara, aka saurare ta tare da wata makamanciyarta da wani naƙasasshe ya shigar a kan British Airways, shi ma a kan batun kujera. Kotun ta kori ƙararrakin biyu. Dalilinta shi ne dole a karanta dokar Turai da ƙa'idojin Birtaniya ta yadda ba za su ci karo da yarjejeniyar Montreal ba, tunda Tarayyar Turai kanta ta shiga yarjejeniyar.

Kotun Ƙoli, Nuwamba 2013 zuwa Maris 2014

A Kotun Ƙoli lauyoyinsa sun nemi kuɓuta daga yarjejeniyar ta ƙofa biyu. Ta farko, sun ce yarjejeniyar magana take a kan haɗari da rauni, ba ta taɓo batun bai wa naƙasassu damar tafiya daidai da kowa ba, saboda haka ba za ta shafe haƙƙin da ba ta san da shi ba. Ta biyu, sun ce laifin kamfanin ya fara ne tun a teburin tantancewa, kafin a fara hawa jirgi, wato kafin lokacin da yarjejeniyar ke fara aiki.

Alƙalai biyar ne suka saurari shari'ar, kuma a ranar 5 ga Maris 2014 suka kore ta baki ɗaya. Lord Toulson, wanda ya rubuta babban hukuncin, ya ce abin dubawa shi ne lokaci da wurin da cutarwar ta auku, kuma wulaƙancin da mai ƙara ya zayyana a takardunsa ya same shi ne yayin hawa da kuma cikin jirgi. Ko da an shuka matsalar tun a teburin tantancewa, a cikin jirgi ta yi masa illa. A kan ƙofa ta farko kuwa, ya dogara da hukunce-hukunce uku da suka gabata. Akwai na Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotu mafi girma a ƙasar, a 1996, a kan fasinjojin British Airways da jirginsu ya sauka a Kuwaiti a Agusta 1990 daidai lokacin da sojojin Iraƙi suka mamaye ƙasar, aka tsare su. Akwai na Kotun Ƙolin Amurka a 1999, a kan wata mata da aka yi wa binciken jiki mai muzantarwa a New York kafin ta hau jirgin El Al, kamfanin jiragen saman Isra'ila. Sai na wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka a 2002, wanda Sonia Sotomayor ta rubuta kafin ta zama alƙaliyar Kotun Ƙolin Amurka, a kan wasu ma'aurata baƙaƙen fata da suka yi zargin an hana su hawa jirgi saboda launin fatarsu. Dukkansu sun tsaya a kan cewa idan yarjejeniyar ba ta ba da diyya ba, dokar cikin gida ba za ta bayar ba.

Alƙalan ba su ɓoye rashin jin daɗinsu ba. Lord Toulson ya amince cewa bayanin kotu kaɗai ba zai sanyaya wa mai ƙara rai sosai ba, ya nuna cewa asalin matsalar ita ce an rubuta yarjejeniyar Warsaw tun kafin a san dokokin daidaito na yau, ya kuma ce akwai hujja mai ƙarfi ta a gyara yarjejeniyar Montreal, sai dai wannan aikin ƙasashen da suka sa hannu ne. Lady Hale, ɗaya daga cikin alƙalan biyar, ta bayyana abin da aka yi wa ma'auratan a matsayin abin kunya, ta kuma tayar da tambayar ko yarjejeniya za ta iya kare kamfani idan abin da ya aikata ya kai ga azabtarwa ko ƙasƙantar da ɗan Adam, musamman kamfanin da gwamnati ta mallaka. Ba a yanke hukunci a kan wannan tambaya ba, domin ba a kawo ta gaban kotu ba.

Bayan hukuncin

Bayan shekara biyar da wata biyar da faruwar lamarin, abin da ya rage a hannunsa shi ne bayanin kotu cewa an saɓa wa doka a kansa. Bai karɓi ko fam ɗaya ba. A ƙarshen 2014 Birtaniya ta maye gurbin ƙa'idojin 2007 da sababbi waɗanda suka ƙarfafa ikon Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta ƙasar wajen tilasta wa kamfanoni bin doka. Kamfanin Thomas Cook ya durƙushe a Satumba 2019 saboda bashi. A Oktoba 2022 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa ana iya biyan diyyar larurar ƙwaƙwalwa a ƙarƙashin sashe na 17 idan likita ya tabbatar da tsananinta, amma Birtaniya ta riga ta fice daga Tarayyar, kuma jin kunya da wulaƙanci ba larura ce da likita zai rubuta ba. Sashe na 17 da na 29 suna nan yadda aka rubuta su a 1999.

Abin da ya yi aiki, abin da ya gaza, da dalili

Mutumin nan bai bar wani abin da doka ta ce fasinja ya yi ba. Ya sanar kwana goma kafin tafiya alhali awa 48 ake nema, ya biya kuɗin kujerun, ya sake kira ya tabbatar, ya yi ƙorafi a teburin tantancewa. Wannan shiri nasa bai hana wulaƙancin ba, amma shi ya sa ya yi nasara a kan gaskiyar lamari, domin kamfanin bai samu damar cewa bai sani ba. Goyon bayan hukumar daidaito ma ya yi aiki, don da wuya mutum ɗaya ya ɗauki nauyin shari'a har Kotun Ƙoli a kan fam 2,500.

Gazawar farko ta faru ne a ƙasa, kuma ta tsari ce. Alƙawarin da aka ɗauka ta waya a Ingila bai zama kujera a Zante ba, sannan kowane ma'aikaci ya tura matsalar gaba, daga teburi zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa cikin jirgi, har ta kai inda ba mai ɗauka. An kuma bar shi ya shiga bayan kowa ya zauna, wanda hakan ya sa sauya kujera ya ƙara wuya, ya kuma sa faɗuwarsa ta zama abin kallo. Duk da haka, ko a cikin jirgin gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. Roƙon fasinja ɗaya a layin farko ya koma kujerar baya ba ya cin kuɗi, ba ya jinkirta tashi, kuma a ganina rashin yin wannan roƙo shi ne mafi muni a cikin duk abin da kotu ta gano.

Gazawa ta biyu ta doka ce, kuma ina ganin alƙalan ba su yi kuskure ba wajen karanta yarjejeniyar. Laifin yana ga waɗanda suka rubuta wa naƙasassu alƙawarin diyya a 2007 ba tare da sun duba cewa a cikin jirgin ƙasa da ƙasa alƙawarin ba zai cika ba. Kwatanta wannan da wata shari'a ta 2004 yana nuna girman giɓin. Wani naƙasasshe da aka caje shi fam 18 na hayar keken guragu a filin jirgin Stansted da ke Ingila ya samu diyyar fam 1,336, wanda 1,000 daga ciki na ɓacin rai ne, aka kuma ɗora alhakin a kan kamfanin jirgin Ryanair da hukumar filin tare. Wannan ya faru ne a cikin ginin filin jirgi. Mutumin da aka bar matarsa tana tsugune a kan hanya tana sauya masa jakar fitsari a gaban mutane a tafiyar sama da awa uku kuwa, bai samu komai ba. Sakamakon shi ne kariya ta fi rauni a daidai wurin da naƙasasshe ya fi buƙatarta, inda aka raba shi da kekensa kuma ba shi da hanyar fita.

Tunda ƙofar diyya a rufe take, nauyin ya koma kan hukumomin da ke sa ido, domin tarar da hukuma ke ci ba ƙarar neman diyya ba ce, sashe na 29 bai hana ta ba. Amurka, wadda ta kafa dokarta ta hana nuna wa naƙasassu bambanci a jiragen sama tun 1986, ta nuna yadda wannan hanya ke iya yin tasiri: a Oktoba 2024 Ma'aikatar Sufurinta ta ci American Airlines tarar dala miliyan 50 saboda yadda yake mu'amala da masu keken guragu da kekunansu tsakanin 2019 da 2023. Irin wannan tara ba ta shiga aljihun wanda aka wulaƙanta kai tsaye kamar diyyar kotu, amma tana sa kamfani ya horar da ma'aikatansa.

Lamarin ya shafe mu a Najeriya ta hanya ɗaya bayyananna. Najeriya na cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Montreal, ta kuma shigar da ita cikin dokarta ta sufurin jiragen sama tun 2006. A Janairu 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda ta wajabta wa kamfanonin jiragen da ke aiki a ƙasar su tanadi keken guragu mai kyau, su taimaka wa naƙasassu hawa da sauka cikin aminci, su kuma ba su fifiko wajen shiga da fita. Hukuncin Kotun Ƙolin Birtaniya bai ɗaure kotunan Najeriya ba, amma rubutun yarjejeniyar ɗaya ne, kuma lauyan kamfani zai kawo shi hujja. Iyalan da ke raka tsofaffi da marasa lafiya aikin Hajji da Umara, ko zuwa asibiti a Masar da Indiya, suna da dalilin neman a rubuta musu buƙatarsu a kan tikiti, su nemi a shigar da su jirgi kafin sauran fasinjoji, kuma idan an saɓa, su kai ƙorafi a rubuce ga Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya da Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa, tare da lambar jirgi, ranar tafiya, da sunan sashen da ya yi musu alƙawarin.